Hoffenheim: Ƙauyen da Ƙungiyarsa Ta Fi Ƙarfinsa

Filin wasan TSG Hoffenheim yana cin mutum 30,150. Ƙauyen Hoffenheim kuwa, ko an haɗa da jarirai da tsofaffin da ba sa iya fita, mutanensa kusan 3,300 ne kacal. Da kowa zai rufe gidansa ya tafi kallo, ko kashi ɗaya cikin takwas na kujerun ba za su cika ba. Filin ma ba a ƙauyen yake ba. Yana Sinsheim, a bakin babbar hanyar mota ta A6, daura da gidan adana kayan fasahar nan da aka ɗora jirgin Concorde a samansa. Wurin atisaye kuma yana wani ƙauyen daban mai suna Zuzenhausen. Duk da haka, duk lokacin da za a ba da labarin wannan ƙungiya, sai an fara da cewa ƙungiyar ƙauye ce da ta taso daga ƙasa ta shiga sahun manya a Jamus. Masu ƙaunarta suna faɗin haka cikin alfahari, masu ƙinta kuma suna cewa babu wata ƙungiyar ƙauye, abin wasan attajiri ne kawai. A ganina kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya ya yar da rabi, kuma rabin da aka yar ɗin ya fi amfani ga duk wanda ya taɓa tunanin ƙungiyar garinsu za ta zama wani abu.

Asalinta ba na ƙwallo ba ne. A 1899 aka kafa ta a matsayin ƙungiyar motsa jiki, irin waɗanda suka cika ƙauyukan Jamus a wancan zamani. Ƙungiyar ƙwallon ƙafar ƙauyen ta zo a 1921, sannan a 1945, bayan yaƙin duniya na biyu, aka haɗe su wuri guda. Daga nan har shekara arba'in da 'yan kai babu wani labari. Manoma da ma'aikata da 'yan makaranta ne ke buga wasa ranar Lahadi da ƙauyukan maƙwabta a yankin Kraichgau, wata kakar su hau mataki ɗaya, wata su sauko. A 1972 ma aka shigar da ƙauyen ƙarƙashin hukumar garin Sinsheim, ya zama kamar unguwa.

A wannan shekarar ta 1972 ce wani ɗan ƙauyen, Dietmar Hopp, shi da abokan aikinsa huɗu suka bar kamfanin IBM suka kafa nasu kamfanin manhajar kwamfuta, SAP. An haifi Hopp a 1940, ya tashi a Hoffenheim, ya buga wa ƙungiyar wasa yana saurayi. SAP ta bunƙasa har ta zama ɗaya daga cikin manyan kamfanonin Turai, Hopp kuma ya shiga jerin attajiran Jamus. Wajen 1990, lokacin da ƙungiyar ta faɗo can mataki na takwas a tsarin gasannin ƙasar, ya fara sa hannu. Taimakon farko bai taka kara ya karya ba: ƙwallaye, kayan atisaye, ɗan abin da za a kula da yara.

Wannan wuri ne masu sukar Hopp ke tsallakewa da gudu. Daga 1990 zuwa 2000, shekara goma cur, ƙungiyar tana hawa ne a hankali, galibi da yaran yankin. A 1999 ya gina mata fili a kan tudun da ke saman ƙauyen, wanda daga baya aka faɗaɗa shi ya koma cin mutum 6,350. A 2000 ta kai mataki na huɗu, aka ɗauko wani matashin koci, tsohon ɗan wasan Bayern Munich kuma ɗan yankin, Hansi Flick, wanda masu kallon ƙwallo a yau suka sani da Barcelona. A kakarsa ta farko ya kai su mataki na uku. A kakar 2003/04 suka fitar da Bayer Leverkusen daga gasar cin kofin ƙasa, suka kai zagayen 'yan takwas. A 2001 kuma Hopp ya taimaka aka kafa wani shiri na tallafa wa matasa, wanda ke haɗa wasa da karatu da koyon sana'a. Wanda ke neman suna cikin gaggawa ba ya shafe shekara goma sha biyar a gasannin da ko talabijin ba ya zuwa.

Har zuwa nan za a iya kiran ta ƙungiyar ƙauye ba tare da an yi ƙarya ba. Mutum yana iya fitowa daga gidansa da ƙafa ya hau tudu ya ga wasa, ya san iyayen wasu daga cikin 'yan wasan. Abin ya sauya ne a 2005 zuwa 2006. Hopp ya gaji da zaman mataki na uku. Aka sallami Flick. Sai ya zo da shawarar da ta tona ainihin burinsa: a haɗe Hoffenheim da ƙungiyoyin Walldorf da Sandhausen a yi ƙungiya guda mai ɗauke da sunan birnin Heidelberg, a gina mata babban fili. Shawarar ta rushe, saboda sauran ƙungiyoyin sun ja da baya, maganar filin ma ta cije. Amma a lura da abin da hakan ke nufi. Mutumin da ake yaba wa da kishin ƙauyensu ya yarda sunan ƙauyen ya ɓace daga allon sakamako, muddin yankin Rhein-Neckar zai samu ƙungiya a Bundesliga. Sunan Hoffenheim ya tsira ne domin maƙwabta sun ƙi.

Da haɗakar ta gagara, sai aka buɗe bakin aljihu. A 2006 aka ɗauko Ralf Rangnick, wanda bai daɗe da jagorantar Schalke a gasar Zakarun Turai ba, ya yarda ya sauko mataki na uku. Wannan shi ne Rangnick ɗin da ya riƙe Manchester United na wucin gadi a kakar 2021/22. A 2007 suka hau mataki na biyu, kuma a wannan bazarar suka kashe kusan yuro miliyan 20 wajen sayen 'yan wasa, kuɗin da abokan karawarsu a ajin ko a mafarki ba su gani ba. Sai dai ba tsofaffin taurari masu neman wurin ritaya suka kwaso ba. Matasa suka nema: Carlos Eduardo da Luiz Gustavo daga Burazil, Demba Ba ɗan Sanagal daga wata ƙungiya a Beljiyam, Vedad Ibišević ɗan Bosniya, da namu Chinedu Obasi, wanda suka ɗauko daga Lyn ta birnin Oslo. A 2008 suka shiga Bundesliga.

Wanda ya kalli rabin farko na kakar 2008/09 ba zai manta ba. Obasi ya dawo daga wasannin Olamfik na Beijing da lambar azurfa tare da tawagar Najeriya ta koci Samson Siasia, ya haɗu da Ba da Ibišević a gaba. Salon Rangnick shi ne a matsa wa abokin karawa tun daga gidansa, a ƙwace ƙwallo, a kai ta raga cikin 'yan daƙiƙu, ba ja-in-ja a tsakiya. Ibišević ya zura ƙwallo 18 a wasa 17. Da aka tafi hutun hunturu, sabuwar shiga ce a saman teburi, Bayern na biye. A Janairun 2009 Ibišević ya tsinke jijiyar gwiwa a wasan sada zumunta, tafiyar ta yi sanyi, suka ƙare a na bakwai. Duk wannan rabin kakar mai daɗi ba a Hoffenheim aka buga ta ba. A Mannheim suka yi aron fili, domin na kan tudu ya yi kaɗan, na Sinsheim kuma ba a gama ba sai a farkon 2009. Tun daga ranar da suka shiga Bundesliga, babbar tawagar maza ba ta sake buga wasan gasar a ƙauyen ba. Filin kan tudun ya koma na tawagar mata da ƙaramar tawaga.

Don me Jamusawa suka tsani wannan ƙungiya haka? Wanda ya saba da gasar Ingila, inda attajirin Rasha ko asusun gwamnatin wata ƙasar Larabawa zai sayi ƙungiya magoya baya su fito murna, zai yi mamaki. A Jamus ƙungiyar ƙwallo ƙungiya ce ta mambobi masu biyan kuɗin shekara, masu zaɓen shugabanni. Da aka ba ƙungiyoyi damar mayar da sashen ƙwararrunsu kamfani a 1998, sai aka gindaya dokar da ake kira 50+1: komai yawan jarin da wani zai zuba, rinjayen ƙuri'a yana hannun mambobi. An keɓe Leverkusen da Wolfsburg, saboda kamfanonin Bayer da Volkswagen ne suka rene su tun fil azal. Magoya bayan Jamus suna ganin wannan doka ce ta sa tikiti ke da sauƙi, ta sa akwai wurin tsayuwa na talaka a bayan raga, ta sa ba wanda zai wayi gari ya canza wa ƙungiya launi ko gari. A idonsu Hopp ya zagaye dokar tun kafin a ba shi izini, domin kowa ya san wanda ke biya shi ke da magana. A 2015 aka ba shi izinin a hukumance, bisa sharaɗin cewa ya shafe fiye da shekara ashirin yana tallafa wa ƙungiyar.

Akwai kuma zafin kujera. Bundesliga ƙungiya 18 ce. Duk kujerar da Hoffenheim ta zauna, wata ce ta rasa. A 2013 Hoffenheim ta tsallake rijiya da baya, ta je Dortmund ta ci wasan ƙarshe na kaka, sannan ta doke Kaiserslautern a wasan raba gardama na neman gurbi. Kaiserslautern ƙungiya ce mai tarihi, wadda ta ɗauki kofin Bundesliga a 1998 tana sabuwar dawowa daga aji na biyu, mai cika fili da mutum dubu arba'in da ɗoriya. Ganin irin wannan ƙungiya a ƙasa, ga kuma wata a sama wadda kujerunta kan zauna wayam idan ba Bayern ko Dortmund ne suka zo ba, ya isa ya ɓata wa mai son ƙwallo rai.

Ƙiyayyar ta kai intaha ranar 29 ga Fabrairun 2020. Bayern ta zo Sinsheim, tana cin 6 da nema. Kwanaki kaɗan kafin nan hukumar ƙwallon Jamus ta haramta wa magoya bayan Dortmund baki ɗaya zuwa filin Hoffenheim na kaka biyu saboda zagin Hopp, abin da ya harzuƙa magoya bayan sauran ƙungiyoyi, domin a ganinsu an hukunta dubbai kan laifin 'yan kaɗan. Sai 'yan bayan ragar Bayern suka ɗaga ƙyallaye masu zagin Hopp ta uwa. Alƙalin wasa ya tsayar da wasa. Kocin Bayern ya ruga gaban magoya bayansa yana roƙonsu su sauke, kuma kocin nan ba kowa ba ne illa Hansi Flick, wanda Hopp ya ba aiki shekara ashirin kafin nan. Aka ci gaba, aka sake ɗagawa, 'yan wasa suka fice. Da suka dawo, sai ɓangarorin biyu suka ƙi yin wasa. Kusan minti goma sha uku suna tura wa juna ƙwallo a tsakiyar fili, ɗan Bayern ya ba ɗan Hoffenheim, ɗan Hoffenheim ya mayar, agogo na tafiya, Hopp da shugaban Bayern na lokacin, Karl-Heinz Rummenigge, na tsaye a gefen fili cikin ruwan sama. Ita ma Hoffenheim ba a rasa ta da abin kunya ba. A 2011 an gano cewa wani ma'aikacinta ya dasa na'ura mai fitar da ƙara mai huda kunne a ɓangaren baƙi, don ta danne waƙoƙin zagin da magoya bayan Dortmund ke yi.

Zagin uwar dattijo ba hujja ba ce, kuma akwai munafunci a cikin wannan fushi. Bayern da magoya bayanta suka ɗaga ƙyallen, Adidas da Audi da Allianz duk suna da hannun jari a cikinta. Dortmund ta shiga kasuwar hannun jari a 2000, ta kusa durƙushewa a 2005. Kaiserslautern da Hamburg da Schalke ba Hopp ne ya jefa su aji na biyu ba, shugabannin da aka zaɓa ko aka naɗa a cikin gida ne suka yi facaka da kuɗi, suka riƙa korar koci kamar canza riga. Mulkin mambobi bai hana wauta ba. Sannan idan aka ce tarihi kaɗai ke ba ƙungiya haƙƙin zama a sama, to an rufe ƙofa ke nan har abada ga duk wanda kakanninsa ba su yi suna a 1960 ba.

Inda Hopp ya cancanci yabo na gaske shi ne abin da kuɗinsa suka zama. Ana ƙiyasta ya zuba kusan yuro miliyan 350, kuma kaso mai tsoka ya tafi ne a gini da renon yara: filaye biyu, cibiyar atisaye ta Zuzenhausen da aka buɗe a 2010, makarantar horar da matasa. Tawagar 'yan ƙasa da 19 ta ɗauki kofin Jamus a 2014 a hannun wani yaro mai suna Julian Nagelsmann. A Fabrairun 2016, ƙungiyar na daf da faɗawa, aka miƙa masa babbar tawaga yana ɗan shekara 28. Ya tsamo ta, ya kai ta na huɗu a 2017, na uku a 2018, ta shiga rukunin gasar Zakarun Turai. A 2023 ya zama kocin Jamus. Niklas Süle a makarantar ya fito. Roberto Firmino an ɗauko shi daga Figueirense ta Burazil ba wanda ya san shi, aka sayar wa Liverpool a 2015 kan kusan fam miliyan 29. Joelinton ya tafi Newcastle a 2019 kan fam miliyan 40. Na tsawon shekaru ƙungiyar ta riƙe kanta da wannan ciniki, a sayo ɗanye da araha, a gyara, a sayar da tsada.

Darajar wannan ba ta fitowa sai an ajiye Gretna a gefe. Gretna ɗan ƙaramin gari ne a kan iyakar Sikotland da Ingila, mutanensa ba su fi na Hoffenheim yawa ba. An kafa ƙungiyarsu a 1946, ta daɗe tana buga ƙananan gasannin Ingila, sai a 2002 aka karɓe ta a gasar Sikotland. Wani ɗan kasuwa, Brooks Mileson, ya rungume ta, ya riƙa biyan albashin da ya fi ƙarfin ajinta nesa ba kusa ba. Ta hau mataki uku a jere, 2005, 2006, 2007. A 2006 ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙasa, Hearts ta sha da ƙyar a bugun fenariti. Jaridu suka yi ta kiran abin tatsuniya. Da ta isa babbar gasa, filinta na Raydale Park bai cika sharaɗi ba, sai ta koma aron filin Motherwell, tafiyar fiye da kilomita ɗari. A farkon 2008 Mileson ya kwanta rashin lafiya, kuɗi suka tsaya cak. Albashi ya gagara, aka zaftare mata maki goma, aka sallami 'yan wasa. A wani wasa da Inverness mutum 431 ne suka shiga kallo, a babbar gasar ƙasa. Kafin ƙarshen shekarar ƙungiyar ta mutu, Mileson ma ya rasu a watan Nuwamba. Magoya baya ne suka tattara suka kafa sabuwa mai suna Gretna 2008, suka fara daga ƙasa. Bambancin Mileson da Hopp kamar na masu kuɗin gari biyu ne, ɗaya yana raba kuɗi a ƙofar gida duk ranar Juma'a, ɗaya ya haƙa rijiyar burtsatse. Na farkon ya fi tara jama'a, amma ran da ya kwanta an gama.

Mu ma mun san irin wannan a Najeriya. Abiola Babes ta Abeokuta da Leventis United ta Ibadan sun yi tashe a shekarun 1980, suka watse da masu su suka janye. Ranchers Bees ta Kaduna ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na masu riƙe da kofin ƙalubale a 1988, daga baya ta shiga hawa da sauka. Yawancin waɗanda suka ɗore, irin su Kano Pillars, na gwamnatocin jihohi ne, wanda shi ma dogaro ne da mutum ɗaya, sai dai mutumin yana canzawa bayan zaɓe. Mafi kusa da tsarin Hopp ita ce Remo Stars ta Ikenne a jihar Ogun, wadda Kunle Soname ya gina wa fili da makarantar yara a ƙaramin garinsu, ta kuma ɗauki kofin gasar Najeriya a 2025. Ita ma tambayar da ke kanta ita ce wadda ke kan Hoffenheim.

Tambayar kuwa ita ce wa ke da ta-cewa. A nan ne na rabu da masu kare Hopp. Rijiya ta fi rabon kuɗi, amma idan makullin famfon yana aljihun mutum ɗaya, gari bai mallake ta ba. A Janairun 2011 aka sayar da Luiz Gustavo ga Bayern ba da yardar Rangnick ba, Rangnick ya ajiye aiki. Mutumin da ya ɗauko ƙungiyar daga mataki na uku ya kai ta saman teburi ya gane cewa a babban al'amari ba shi da murya. Shekaru biyu da suka biyo baya koci na shiga koci na fita, har aka kusa faɗawa. Idan Rangnick bai da murya, ina ga tsohon da ya shekara hamsin yana biyan kuɗin mamba a ƙauyen? Ba wanda ya tambaye shi ko yana son ƙungiyarsa ta koma Sinsheim. Wataƙila da an tambaye shi zai ce e, don wa zai ƙi ganin Bayern ta zo gidansa? Amma ba a tambaya ba, kuma ba a gidansa Bayern take sauka ba.

A 2023 Hopp ya mayar wa uwar ƙungiya rinjayen ƙuri'a, Hoffenheim ta koma ƙarƙashin dokar 50+1. Mataki ne mai kyau, ko da yake ya zo a lokacin da hukumar hana babakere ta Jamus ke sa ido kan keɓancewar da aka yi wa ƙungiyoyin uku. Sai dai takarda daban, zahiri daban. Jarin yana nan a hannunsa. A bazarar 2024 aka sallami Alexander Rosen, wanda ya shafe fiye da shekara goma yana jagorantar harkar wasanni, rikici ya ɓarke a cikin gida, har magoya bayan Hoffenheim ɗin kansu, waɗanda suka shekara da shekaru suna shan gori saboda Hopp, suka fara ɗaga ƙyallayen adawa da yadda ake tafiyar da ƙungiyar. Kakar ta ƙare suna na 15. Ni wannan rikici bai ba ni tsoro ba. Alama ce cewa an samu mutanen da ke ganin ƙungiyar tasu ce har za su iya yi wa mai gida tsawa, abin da babu shi a 2008. Hopp ya haura shekara 85.

Za a iya cewa duk wannan surutu ne, domin babu yadda ƙauye zai kai ƙololuwa ba tare da attajiri ba. Da haka nake gani, sai ga Mjällby. Ƙungiya ce a kudancin Suwidin, an kafa ta a 1939, tana wasa a Strandvallen, ɗan fili a bakin tekun Baltik a ƙauyen masunta na Hällevik, inda mazauna ba su kai dubu biyu ba. Suwidin ma tana da dokar da ta bar rinjaye a hannun mambobi. A 2016 Mjällby tana mataki na uku, aljihu babu komai, saura ƙiris ta faɗa na huɗu. Shugabanta Magnus Emeus ɗan kasuwa ne ɗan yankin, amma abin da ya kawo shi ne tsari: kada a kashe abin da babu, a reni yara, a sayar idan farashi ya yi. Ta hau a 2018, ta sake hawa a 2019, ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙasa a 2023. A Oktoban 2025, ƙarƙashin koci Anders Torstensson, wanda ya taɓa zama shugaban makaranta, ta je Gothenburg ta ci 2 da nema ta ɗauki kofin gasar Suwidin saura wasa uku, karon farko a tarihinta. Wasa ɗaya tak aka ci ta a kakar, ta ƙare da maki 75, abin da ba a taɓa yi ba a gasar. Ta yi haka ne da kasafin da bai kama ƙafar na babbar ƙungiya irin Malmö ba, kuma a filin ƙauyen.

Kada a zaƙe. Gasar Suwidin ba Bundesliga ba ce. Tazarar kuɗi tsakanin babba da ƙarami a can ba ta kai wadda ke tsakanin Bayern da sauran ba, kuma da Mjällby a Jamus take, da wuya ta wuce mataki na biyu da wannan tsari. Kaka ɗaya ma ba ta isa shaida ba. Abin da ke jiran ta sananne ne: manyan ƙungiyoyi za su zo da kuɗi su ɗebe 'yan wasan da suka yi fice, wasannin Turai za su zo da sharuɗɗansu na kujeru da fitilu da wurin 'yan jarida, wani zai tashi a taro ya ce Strandvallen ya yi kaɗan, a gina babba a garin Sölvesborg kusa da babbar hanya. Wannan ita ce mararrabar da Hoffenheim ta iso a 2006, Gretna a 2007. A Hoffenheim mutum ɗaya ne ya yanke hukunci, a Gretna dokar gasa ce ta yanke. A Mjällby, idan maganar ta taso, dole a kai ta gaban taron mambobi a kaɗa ƙuri'a, kuma suna iya zaɓen tafiya.